Allon Da Na Zaɓar Wa Surukina

A Yawuri aka haife ni, a bakin kogin Kwara, kuma na iya riƙe filafili tun kafin in iya alwala daidai. Daga baya fatauci ya ɗauke ni. Na shiga kwalekwalen Tafkin Cadi, na shiga na masuntan Dakar masu fenti, na yi shekaru ina tsallaka mashigin Deira na Dubai a cikin abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke kai mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ina ganin babu abin da ke yawo a kan ruwa da zai ba ni mamaki. Haka nake gani har lokacin da na koma Dubai a duba mini ido, bayan na ajiye kasuwanci, na sauka a gidan 'yata.

Ita ce 'yar farina. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Shekara talatin da wani abu ban taɓa furta sunanta ba. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". In ina son wani abu a wurinta sai in faɗa ina kallon bango, ita kuma ta ji ta yi. Mijinta injiniya ne, Bakatsine, mai kunya ƙwarai. Ba ya cin abinci a gabana, kuma kome na faɗa amsarsa ɗaya ce: "To, Baba."

Gidansu yana unguwar International City, hawa na uku. A bayan ƙofar falo akwai wata jaka ƙatuwa kamar buhun gero. Ran nan na tambaye shi.

"Injiniya, me kuke ɓoyewa a nan?"

"Allon ruwa ne, Baba. Ana hura masa iska da famfo, ya yi tauri, a tsaya a kai a tuƙa da filafili."

"A tsaye? Kai kake hawa?"

Ya sosa ƙeya. "Nata ne."

Na sake duban jakar. Shi kuwa ya ci gaba da cewa suna son ƙaro na biyu, wanda za su riƙa hawa su biyun, don nata ƙarami ne, in ya hau nutsewa yake yi. Nan take na ce ni zan zaɓa. Wa ya san jirgi a gidan nan in ba ni ba? Ya ce, "To, Baba."

Muka tafi babbar kasuwar 'yan Sin da ke kusa da su. Mai shagon ya ji na gaishe shi da ɗan yarensu da na tsinta a Guangzhou, ya yi dariya, muka koma Larabcin kasuwa. Ya jawo wani allo mai faɗi kamar ƙyauren zaure.

"Wannan, habibi. Na mai koyo ne, yana ɗaukar mutum biyu."

Yarinyar nan ta dafa shi, ta ce wa mijinta a hankali, "Wannan ba ya kifewa da mutum."

Na ji ta sarai. Na juya wajen bango na ba shi amsa: "Jirgin albasa ne."

A wurinmu jirgi mai faɗi na dakon albasa ne da kai mata kasuwa. Jirgin namiji siriri ne, dogo, mai tsinin baki, yana yanka ruwa ba ya gardama da shi. Na ga irinsa a jingine can ciki, shuɗi, na ce a sauko da shi. Mai shagon ya dubi Injiniya daga sama har ƙasa, ya tambaye shi ko ya iya iyo. Injiniya ya dube ni, ya yi murmushi. Kafin ya buɗe baki na amsa masa.

"Wace irin tambaya ce wannan? Khalas, magana ta ƙare, naɗe mana shi."

Ranar Asabar da safe muka je bakin ruwan Mamzar. Yarinyar nan ta fito daga wurin canja kaya cikin rigar iyo da ta rufe ta daga kai har idon sawu, ta tura allonta, ta durƙusa a kai, sannan ta miƙe. Na tsaya baki buɗe. Ba tsayuwar ce ta kama ni ba, yadda take tsoma filafilin ne, ta karkata kafaɗa ta ja shi har ƙugu. Haka mahaifina yake yi, kuma ba ta taɓa ganinsa ba. Kafin in dawo hayyacina ta yi nisa.

Injiniya ya gama hura nasa. Ya sa rigar ceto mai ruwan lemo, ya sunkuya yana ɗaura igiyar allon a ƙafarsa.

Na ce, "Kwance wannan. A kogi igiya a ƙafa ita ke kashe mutum. Ta sarƙe a saiwa, ruwa ya danne ka."

Gaskiya na faɗa, na ga an yi haka a Kwara. Ban tsaya na tuna cewa nan babu saiwa, babu ruwa mai gudu, iska ce kawai ba. Ya kwance. Na dubi rigar kuma na yi dariya, na ce duk ƙasashen da na je yara na ga ana sa wa wannan. Wasa nake yi. Ya cire ta, ya ninke, ya ajiye kusa da takalmana.

Ni na tura shi da hannuna. Ya tafi a durƙushe, allon yana rawa a ƙarƙashinsa, yana gudu fiye da yadda na zata. Da ya wuce inda ruwan ke canja launi na ɗaga murya.

"Injiniya, miƙe mana! Yalla, maza!"

Daga can na jiyo, "To, Baba."

Ya miƙe. Allon ya fice daga ƙarƙashinsa kamar an fizge tabarma, ya faɗa. Na tsaya ina jiran kansa ya fito yana dariya, yadda namu suke yi. Kan ya fito, amma babu dariya, babu ihu. Baki a buɗe, hannuwa suna dukan ruwa kamar mai neman tsani. Na san wannan. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu. Iska kuma ta riga ta ja allon, babu igiyar da za ta tsayar da shi.

Na faɗa ruwan da babbar rigata. Ta sha ruwa ta riƙe mini ƙafafu, gwiwoyina kuma ba na da ba ne. Na ga ba zan kai ba. Yarinyar nan ce kusa da shi, amma ta ba shi baya.

"Ke! Yarinyar nan!"

Bakin ruwan cike yake da 'yan mata, na Indiya, na Larabawa, na Rasha. Ba ta waiwayo ba. Kansa ya sake nutsewa. Sai na kira sunanta, da duk ƙarfin da ke ƙirjina, sau biyu.

Ta juyo kamar an mare ta. Ni ta fara kallo, sannan ta bi hannuna. Ban taɓa ganin an juya jirgi da sauri haka ba. Ta isa, ta kwanta rub da ciki a kan allon, ta cafko wuyan rigarsa, ta ɗora hannuwansa a gefe. Kafin mai gadin bakin ruwa ya iso da nasa allon, ta riga ta fara jawo shi.

A kan yashi ya yi ta aman ruwan gishiri. Da numfashinsa ya dawo, ya ɗago jajayen idanu ya dube ni.

"Baba, a yi haƙuri. Allon ya tafi."

Ita ce ta yi magana, tana kallon tsakiyar idona, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, bai iya iyo ba. Ko kaɗan."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Mu faɗa wa wa? Bango?"

Na tambaye ta ita a ina ta koya. Ta ce a nan, a wurin iyo na mata, wata 'yar Filifin ce ta koya mata. Jikar masu jirgin Yawuri ke nan. Na koya wa 'ya'yan maƙwabta iyo ba adadi, ita ban taɓa riƙe hannunta a ruwa ba.

Wani mai ƙaramin jirgi ya dawo mana da shuɗin allon. Washegari muka koma shagon. Na nemi kujera na zauna kusa da ƙofa, hannuwana a kan cinya. Mai shagon ya dube ni, ya dubi Injiniya, ya sauko da jirgin albasa. Ta danna tsakiyarsa da gwiwa, ta sa mijinta ya tsaya a kai, ta duba igiyar da kyau. Shuɗin kuwa ta ce ba za a mayar ba, ita za ta gwada shi.

Asabar ta gaba na ce Injiniya ba zai hau kome ba tukuna. Na tuɓe rigata, ya kawar da kai. Na ce ya tuɓe tasa. Muka shiga inda ruwa ya kai mana ƙugu, na sa tafin hannuna a bayansa na ce ya kwanta.

"Ka ji tsoro?"

Ya buɗe baki, na ga "To, Baba" tana tahowa. Sai ya haɗiye ta.

"Ƙwarai, Baba. Kada ka sake ni."

Ban sake shi ba. Ita tana can gabanmu a tsaye kan shuɗin allon, tana kewaya mu. Na ce ta matso kusa, da sunanta na kira ta, kuma wannan karon a hankali.