Guɗar Gwaggo Halima ta haɗa biki

Jama'a, yau mun yi wa yayana Usman aure ba shiri!

Da safe ya shigo a guje: "Riɗi ya nuna a gonakin Simsim, gobe lori zai kwashe mu zuwa yanka. In ba a ɗaura yau ba, sai bayan girbi!"

Baban amarya ya ce, "Khalas, shi ke nan, a ɗaura bayan la'asar."

Sai shabakar waya, wato netwok, ta ɗauke! Ta yaya za mu gayyaci mutane?

Gwaggo Halima ta kife turmi, ta hau, ta rangaɗa guɗa. Ya salam! Unguwa ta fashe sai gidanmu, kowace mace da siniyarta, babban tire cike da abinci. Direban lorin ma ya kafa mana rumfa da tamfol ɗinsa.

An ɗaura! Usman yana ta godiya, Gwaggo ta ce, "Miƙo hannu, ango. Da lallenka za ka yanki riɗin nan!"