Gawar da Ta Tashi Zaune a Hanyar Kiyawa

Mun tashi da asuba daga unguwar Takur, ni da abokin aikina malamin lissafi, muka nufi Kiyawa neman wanda zai ƙera mana fatalwa. Ku riƙe dariyarku tukuna, bari in yi muku bayani.

Ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantar da nake koyarwa a nan Dutse. Wasanmu na bana labarin wani mutum ne da ya cinye gadon marayun wansa, sai wan ya riƙa taso masa cikin likkafani. Yara sun haddace komai, amma aka rasa mai fitowa a mamacin. Duk wanda na zaɓa, washegari sai uwarsa ta aiko cewa ba za a naɗe mata ɗa a likkafani da ransa ba. Shi kuwa shugaban makaranta, da ma kallon ɓata lokaci yake yi wa wasan kwaikwayo. Ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in ranar Asabar muka sake yin shirme irin na bara a gaban iyayen yara, ya rufe ƙungiyar, yaran su koma sharar fili. Ƙungiyar nan ni na kafa ta, kuma ina son ta har cikin raina.

Mafita ɗaya ce, a sami mutum-mutumi mai gaɓoɓi, wanda zai tashi zaune ya ɗaga hannu. Na zaga masu walda na Dutse kaf, kowa ya ce a kai kasuwa. Tun da aka fara maganar shari'a mutane suka ƙara taka-tsantsan, har wani ya ce mini shi ba zai yi surar da za a ce ya busa mata rai gobe ƙiyama ba. Daga ƙarshe aka yi mana kwatancen wani dattijo mai gyaran keke a Kiyawa, wanda ke yi wa manoma mutum-mutumin korar tsuntsaye.

Wahalar man nan ta mai da direbobi sarakai, sai da rana ta fito muka sami wata akori-kura da ta yarda ta kwashe mu. Hanya kuwa sai hamdala. Damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai hagu da dama, gyaɗa ta rufe ƙasa. A Shuwarin direba ya tsaya neman 'yan bumburutu, mu kuma muka faɗa wa koko da ƙosai. Jama'a, a nan na gane ana cutarmu! Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha ƙosanta ke ƙanƙancewa, kuɗinsa na girma. Na Shuwarin guda ɗaya sai ya cika maka baki, ga yaji har da gyara.

Mun tarar da dattijon a rumfarsa yana liƙe taya. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba, sannan ya ce, "Jiki zan yi muku, ban da kai. Malaminmu ya ce sura ai kai ce. Kan kuwa ku je ku nemi duma, ku da Allahnku."

Na ce, "Baba, mun gode, hakan ma ya isa."

Ya dubi abokina, dogo siriri, ya ce ya kwanta a ƙasa. Ya jawo karan dawa ya fara gwada shi daga diddige zuwa wuya. Abokina ya yi zumbur ya miƙe. "Haba Baba, da kara? Ai gawa ake yi wa haka in za a haƙa kabari!" Dattijo ya ce, "To me kuka zo yi?" Dole ya koma ya kwanta yana ta a'uziyya, ni kuwa dariya har da riƙe ciki.

Aikin ya cinye mana hantsi har azahar. Ƙarfen tsohon gado shi ne ƙashin baya da ƙafafu, kan keke ya zama kafaɗu. Kowace gwiwa aka haɗa ta da noti, aka ɗaure da robar taya, yadda duk inda ka lanƙwasa sai ta tsaya a nan. A ƙugu ya sa sifirin na gadon, ya maƙale shi da igiyar birki, in ka ja igiyar sai jiki ya tashi zaune, hannun dama ya yi sama. Nama kuwa buhu ne muka cusa wa ƙaiƙayin gero, wanda ya bar mu da susa har yau. Da aka gwada na farko, hannun ya zabga wa dattijon mari a ƙeya, ya ce ai ga shi tun ba a je ko'ina ba ya fara rashin kunyar 'yan boko. Muka sha fura da kindirmo a gindin bishiya, muka yi sallah, muka yi masa sallama. Duma muka ce sai mun isa Dutse.

Hadari ya haɗo, kuma ƙaiƙayi ba ya son ruwa. Sai muka naɗe mutum-mutumin cikin farin yadin da na saya don likkafanin wasa, muka ƙara da tabarma, muka ɗaure sama da ƙasa da tsakiya. Ni na kama kafaɗu, abokina ya kama ƙafafu, muka nufi tasha. Wallahi ko kusa ban lura da kamar da muka yi ba, sai da na ga masu shayi suna miƙewa tsaye.

A bayan motar da muka samu, fasinjoji suka matsa suka ba mu fili, hira ta ɗauke ɗif. Wata tsohuwa ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Kafin in buɗe baki, abokina ya ce, "Amin." Bakin Bahaushe ke nan, ba ya jin addu'a ya ƙyale. Daga wannan amin ɗin kuwa ƙofa ta rufe. Kowa ya shiga yi mana gaisuwa, wani ya miƙo goro, direba ya leƙo ya ce yau ba ya karɓar kuɗin kaya. Ta yaya zan dubi mutane masu hawaye a ido in ce musu ƙaiƙayi suke yi wa kuka? Na ce a raina, tafiyar ba nisa, mu lallaɓa mu sauka.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Kafin mu kai Shuwarin mai ya ƙare, mota ta yi tari ta tsaya daidai wani ƙauye, gab da masallacinsu, ana fitowa daga la'asar. Direba ya ɗauki galan ya bi hanya. Labari ya riga mu sauka: baƙi ne da gawa, mota ta mutu. Liman ya iso, dattijo mai farin gemu da sanda, ya ce ba a jinkirta wa mamaci, ga zafi ga hadari, ƙasar Allah kuma duk ɗaya ce. Ban gama haɗiye yawu ba na hango samari sun nufi maƙabarta da diga da shebur, wasu sun fito da makara.

In na yi shiru za a binne mini fatalwa, a binne ƙungiyata tare da ita. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, wannan fa ba mutum ba ne."

Liman ya ɓata rai. "Subhanallahi! Ko me ya yi maka, ai ya riga ya tafi. Ba a faɗin aibin mamaci."

Na ce, "Malam, ko kai ba shi da shi."

Tsohuwar nan ta mota ta ce, "Ka ji ɗan yau! Kai mai kan, me ka tsinana?"

Sun riga sun ɗora shi a makara. Na ga bakina ya gaza, sai na zura hannu cikin tabarma, na kwance ɗaurin sama, na ja igiyar birki.

Gawa ta tashi zaune, ta ɗaga hannu.

Ban taɓa sanin ƙauye na iya watsewa haka ba. Takalma, huluna, carbi, duk aka bar su a fili. Wani ƙato ya haye bishiyar darbejiya, abokina da ya san komai shi ma sai da ya ja da baya. Liman kaɗai ya tsaya, daga baya ya ce gwiwa ce ta hana shi. Ya sa sanda ya ɗaga yadin, ya ga kan keke da buhu, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya wanke mu tas, ya ce malaman makaranta guda sun bar bayin Allah suna zubar da hawaye a banza. Hukuncinsa shi ne ramin da aka fara haƙawa mu za mu cike da hannunmu. Haka muka tuɓe manyan riguna muka kama shebur, gari guda na kallo ana tafi. Direba ya dawo da mai muka kama hanya, tsohuwar dai ba ta ƙara kallon inda muke ba har muka shigo Dutse bayan magariba.

Ranar Asabar aka yi wasa. Na sa wa mutum-mutumin kan duma, na shafa alli. Da ya tashi zaune ya nuna macin gadon marayu da hannu, ɗakin taro ya ɗauki salati, shugaban makaranta ya miƙe bai sani ba, kujerarsa ta faɗi. Bayan an tashi ya kira ni gefe, yana share gumi, ya ce ƙungiya ta zauna, amma abin nan kada ya ƙara kwana a makarantarsa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mutanenmu ba sa tambayar sunan mamaci ko garinsu kafin su ɗauki diga. Na ji kunyarsu ƙwarai, na kuma ji daɗi, don yanzu na san duk inda tawa ta riske ni a hanyar nan ba za a bar ni a rana ba. Sai dai in a wancan ƙauyen ne, na tabbata sai sun buɗe tabarma sun duba tukuna.