Oga Tanimu ya tafi ban ba shi haƙuri ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina share aji da safen nan aka kira ni wai Oga Tanimu, mai gyaran kwamfuta na unguwar Laranto, ya rasu.

Shi ya haɗa mini lesin ɗina na unguwar Ali Kazaure, inda ɗalibai ke koyon jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta. Ko cikin ruwan Agusta na kira shi sai ya zo, a jiƙe sharkaf, yana tsokanata wai madannan kwamfutocina sun fi kicin ɗina ganin garin biskit.

Lokacin da zan sayi ƙananan kwamfutocin nan masu waifai a manne a ciki, ya hana ni. Ya ce tsarin waifai ba ya daɗewa ake sake shi, wanda aka manne kuma ba ya ciruwa. Ni da taurin kai na ce sun fi kyau a ido, na saye su.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, kamfanin intanet zai canza mini rauta, akwatin da ke raba wa kwamfutocin waifai.

"Malama, kar ki bari su tafi da tsohuwar. Kwamfutocinki ba za su ga sabuwar ba."

Na ce masa a gaban ɗalibai, shi dai tsoron sabon abu ne ya yi masa yawa. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Mutanen kamfanin suka tafi da tsohuwar rautar. Kwana tara ke nan ko ɗaya ba ta hau netwok ba, jarrabawa kuma saura sati biyu. Kullum sai na ɗauko lambarsa, kunya ta hana ni kira.

Ɗazu a gidan gaisuwa matarsa ta miƙo mini leda da sunana a jiki. Ƙananan na'urorin waifai ne na sokawa a jikin kwamfuta, daidai yawan kwamfutocina. Ta ce jira yake in huce.

Wallahi ban ma san yadda ake saita su ba. Ban san me zan ce wa ɗaliban nan ba.

Allah ya jiƙanka Oga, ya haskaka kabarinka, ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya cika.