Baba Kalli-Sama, Mai Kamo Murya Daga Iska

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe shagonsa, wani ɗan tsukukun ɗaki tsakanin tela da mai shayi. Kafin ya taɓa komai sai ya kunna tsohuwar rediyonsa, ya karkata kai ya kasa kunne. Ba labarai yake bi ba, lafiyar iskar ranar yake aunawa. In murya ta fito tas, ya leƙa ya ce wa tela, "Yau sama ta tashi da fara'a." In da ƙugi a ciki, ya ce, "Yau sai an yi lallashi." Daga nan ya zuba kayan aiki a jaka: filaya, sukudireba uku, dunƙulen wayar tagulla, dalma, salatif, da wuyan kwalabe da yake tsinta a hanya. Ya ɗaure tsani a gefen keke, ya fita.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana ɗaura wa mutane eriya a unguwarmu. Kalli-Sama muke ce masa, domin ba ya tafiya yana duban gabansa, idonsa na kan rufin gidaje yana lura da wayar da ta saki da wadda ta yi tsatsa. Tela ya rantse ya taɓa ganinsa ya yi karo da turken lantarki, ya tsaya ya ba shi haƙuri, ya wuce. A watan jiya likita ya ce gwiwarsa ta gaji da hawa, 'ya'yansa suka taru suka ce ya sauko haka nan. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani a kansa tun yana ji da kunnensa.

Mai shayi ma yana da nasa labarin. Ya ce akwai lokacin da masu sauraron ƙwallo suka fara guje wa teburinsa, don da an kusa raga sai rediyon ta ɗauke, a koma tambayar masu wucewa ko an ci. Baba ya hau ya duba, ya tarar waya na gogar kwanon rufi duk sanda iska ta kaɗa. Ya ɗaga ta da taƙi ɗaya, ya kankare tsatsar mahaɗa, ya sauko yana cewa, "Ka sa ta magana kuma ka toshe mata baki, ya za ta yi?" Tun ranar bencin mai shayi bai sake zama wayam ba.

Nawa labarin ya fi wannan nauyi a zuciyata. Shekara goma sha tara da suka wuce, ƙanwata, autar gidanmu, ta sami aiki a wani gidan rediyo da ke wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Ba kowa a dangi ya so ta tafi ba. Inna, mahaifiyarmu, ita ta tsaya mata har aka bar ta. Wata ranar Litinin Auta ta aiko da saƙo cewa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma za ta karanta labarai karon farko. A lokacin ba a jin rediyon nesa ta wayar hannu kamar yanzu, ga Inna da ciwon ƙafa, ba ta iya doguwar tafiya. Muka murɗa rediyon marigayi Babanmu ta kowace fuska, babu abin da ke fitowa daga tashar sai shuuu.

"In ban ji da kunnena ba," in ji Inna, "duk wanda ya ba ni labari bai ba ni komai ba."

Washegari na je na sami Baba Kalli-Sama. Ya biyo ni, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ɗauki rediyon ya manna a kunne ya daɗe. Can ya yi murmushi.

"Hajiya, tashar tana nan. Tana can ƙasan hayaniya kamar mai magana a cikin rijiya. Za mu jawo ta."

"Ka tabbata, Malam?"

"Ban tabbata ba. Amma ina da kwana biyu."

Ranar ya ja waya mai tsawon taku talatin daga saman ɗakin Inna zuwa mangwaron maƙwabcinmu. Kowane ƙarshe ya zura shi a wuyan kwalba, sannan ya ɗaure kwalbar da igiya, don kada wayar ta taɓa ƙarfe ko itace ƙarfinta ya zube. Muka fara jin alamar mutum na magana, amma ba a gane me yake cewa. Ranar Laraba ya kafa rodi a gindin famfo inda ƙasa ke da danshi, ya haɗa masa wata wayar, ya naɗa ta sau bakwai a jikin rediyon. Ya riƙa juya rediyon a kan tebur kaɗan-kaɗan, sai ga murya ta fito sarai. Ya zana wurin da alli, ya ce duk wanda ya gusar da ita shi da shi ne.

Muna cikin murna, da yamma sai wata ƙara ta shigo, ƙarrr, ta danne komai. Ta tsaya, ta dawo, ta tsaya. Inna ta yi tagumi. Baba ya zaro ƙaramar rediyo daga aljihu, ya sa a kunne, ya bi layi yana tafiya a hankali, ni ina binsa. Ƙarar na ƙaruwa har muka tsaya a gaban mai walda da ke bayan gidanmu. Ashe ranar ya dawo daga sayo ƙarafa, ya fara haɗa wata babbar ƙofa. Mutum ne mai saurin hawa, kowa na shakkarsa.

"Sannu da aiki, maigida," in ji Baba. "Minti goma sha biyar na zo roƙo, gobe da ƙarfe huɗu."

Ya yi masa bayani. Mai walda ya girgiza kai.

"Baba, mai ƙofar nan ƙarfe biyar zai zo da mota. Ni kaɗai ne, hannuna biyu."

"To gobe hannu huɗu ne. Da sassafe zan zo in riƙe maka ƙarfe."

Haka kuwa aka yi. Tun safe har bayan azahar yana tsugune yana riƙe ƙarfe, tartsatsi na huda masa riga. Huɗu saura kwata aka ɗiga waldar ƙarshe. Mai walda ya kashe injinsa, ya biyo shi gidanmu da baƙin tabarau a goshi, wai shi ma sai ya ji muryar da aka tsayar masa da aiki dominta.

Ɗakin Inna ya cika, har da tela da kawunmu wanda ya fi kowa adawa da tafiyar Auta. Aka buga kiɗan buɗe labarai, sai muryar ƙanwata ta yi sallama, tangaran, kamar tana zaune a bakin gado.

"Wa alaikumus salam, Auta," in ji Inna da ƙarfi.

Aka tuntsire da dariya, ita ko a jikinta. Can ta matsa kusa da rediyon ta ce, "Ki rage sauri, ba korar ki ake yi ba." Hawaye na zuba, baki kuma ya ƙi rufuwa. Kawu ya gyara hula ya ce ai shi tun tana ƙarama ya san za a yi haka, mai walda ya kalle shi ya ce, "Allah, Kawu?"

Sai da aka gama na lura Baba ba ya cikinmu. Na leƙa ta taga, na hango shi a ƙarƙashin mangwaro ya riƙe igiya da hannu biyu. Iska ce ta taso tana kaɗa reshen, ya ji tsoron wayar ta saki, ya tsaya yana jan ta har minti goma sha biyar ɗin suka cika. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

"Ta fito?" ya tambaya daga can.

Inna ta ɗaga murya: "Ta fito, Malam! Har numfashinta nake ji!"

Baba, kai ne mai shiga rana don wasu su zauna a inuwa su ji daɗi. Kai ne wanda ba ya cewa abu ya lalace sai ya saurare shi tukuna. Gidaje nawa ka shigar wa da labarai da karatu da waƙa da gaisuwar 'yan'uwa, ka tattara jakarka ka fita ana can ana sauraro, babu wanda ya lura da fitarka? Mun lura, Baba, ko da mun makara wajen faɗa. A madadin Inna da Auta da duk unguwa, mun gode.

Ku kuma masu sana'a, matasa da manya, ku ɗauki wannan hali: ku saurari matsala kafin ku sa mata hannu, kuma in aikinku ya kai ku ƙofar wani, ku shiga da ladabi.

Jiya na je na karanta masa wannan rubutu a ƙofar gidansa. Ya saurara har ƙarshe, ina jiran ya ce ya ji daɗi. Sai ya ce, "Ɗan Hajiya, ka yi surutu da yawa, ka bar muhimmin. Ka gaya musu kada kowa ya ja eriya kusa da wayar lantarki, kuma in hadari ya haɗu a cire ta daga jikin rediyo."

To jama'a, kun dai ji. Na isar, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana.