Faya-fayan Malam da Robobi Biyu

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta ranar da aka canza faya-fayan maigidana da robobi biyu ba.

Malam, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne a Tarauni. Tun yana saurayi yake tara faya-fayan garmaho na kiɗan jaz, musamman na masu busa kakakin Turawa. Ni da farko hayaniya kawai nake ji. Shi ya zaunar da ni, ya ce in ƙyale ganguna in bi mai busar kaɗai, in ji inda yake jan numfashi da inda yake yin shiru. A hankali kunnena ya buɗe. Da na shiga makarantar yaƙi da jahilci, sai ya miƙo mini biro, ya ce tunda Turancin jikin kwalayen ya fi ƙarfina, in raɗa musu nawa sunan. Na rubuta wa wani "na damina", wani "na bayan faɗa". Su ne rubutuna na farko da ba malama ce ta sa ni ba.

Ina cikin takaba a gidanmu na Gyadi-Gyadi yayarsa ta zo gyara ɗakinsa. Da hantsi na ji mai gwangwan yana kira a layi, irin masu karɓar tsofaffin kaya su ba da roba. Na ji ta tsayar da shi, na ji ana jan akwati. Jikina ya ba ni, amma kunya ta hana ni leƙawa, kada a ce ina takaba idona yana kan kaya.

Sai ga ta da robobin wanki biyu. Wai ta raba ƙaninta da shirme, kada ya zame masa nauyi a kabari.

Na ce, "Yaya, wa kika tambaya?"

Ta ce, "Mai takaba da jin busa? Riƙe carbinki, malama."

Ba a ko raba gado ba, kayan marayu ne. Kuma matar da ba ta taɓa zama ta saurari ko guda ba, ita ce ta yanke musu hukunci.

Ni ba halin fita. Babbar 'yata mai karatun jinya ce ta bi sawu, sai bayan kwana uku ta same su a wurin 'yan gwangwan a Unguwa Uku, a zube a rana, sun lanƙwashe kamar gurasa. Guda ɗaya ne ya tsira a ƙarƙashi, "na bayan faɗa".

Ranar da na fita takaba Yaya ta zo barka. Na ɗora faifan da ya tsira a garmahon da ke ɗakina, na ce ta zauna ta ji abin da ta sayar. Rabinsa kawai ta ji, ta yafa mayafinta ta tafi.

Robobin suna nan, ban taɓa wanki a ciki ba. Su suke tuna mini cewa haƙuri daban, shiru daban. Da na buɗe baki tun ana jan akwatin nan, da yau ina da "na damina".