Huɗu Bisa Ashirin

Duk wanda ya zauna a Madawa ya san shagon Ɗayyabu tela, ko da bai taɓa kai ɗinki wurinsa ba. Ɗan ƙaramin shago ne a bakin hanyar da ke shiga kasuwa, keke ɗaya a ciki, benci biyu a waje gindin itacen bedi. Ɗinkinsa ba yabo ba fallasa. Abin da ke tara mutane a wurin daban ne: Ɗayyabu ne mai faɗin fim ɗin da ya cancanci kallo da wanda ɓata cajin waya ne kawai.

Tun yana saurayi ya samu wannan matsayi. A zamanin kaset, shi ake zaunarwa kusa da talabijin a gidan bidiyon unguwarsu yana fassara wa mutane fina-finan Indiya. Bai san kalma goma ta yaren ba, amma ya iya karanta fuska, kuma abin da ya faɗa yakan zo daidai da abin da zai faru. Da aka fara kawo masu fassarar Hausa, aikin nan ya mutu, sai dai al'adar tambayarsa ba ta mutu ba. Da waya ta shiga hannun kowa, mutum kan biyo ta shagonsa tukuna kafin ya je wurin Halidu mai caji a tura masa fim a kati. Ɗayyabu, wanda ya bar lekol, wato makarantar boko, a aji shida, yana ba da maki bisa ashirin kamar mushe, malamin aji. Bai taɓa wuce sha biyar ba. Yakan ce abin da ya fi haka bai gan shi ba tukuna. Daga baya ya buɗe gurup a Wasap, inda yake tura hukuncinsa da murya, abin da suke kira bokal.

A ƙarshen benci, kowace Asabar, akwai wani mutum mai shan shayi ba ya cewa komai. Yoshuwa ke nan, abokinsa tun a teburin lekol, Kirista, ma'aikacin ɗakin wanki a asibitin mishan. Shekara ashirin yana zuwa a kan tsohon motonsa mai ƙafa biyu, ya saurara, ya yi murmushi, ya koma. Ɗayyabu yana ƙaunarsa irin ƙaunar da mai magana ke yi wa mai sauraro.

Wata damina moton ya zame da Yoshuwa a yashi, ya karye a cinya. Wata uku aka ce zai yi a kwance. Ɗayyabu da kansa ya cika kati da fina-finai, ya hau mota ya kai masa, ya kuma saka lambarsa a gurup don ya rage kaɗaici.

Mako biyu bayan haka bokal ɗin Yoshuwa na farko ya shigo. Bai kai minti ɗaya ba. Ya ce ya kalli wani fim jiya, labarin bai dame shi ba, amma akwai wurin da uban ya tuɓe takalminsa kafin ya shiga ɗakin 'yarsa mara lafiya don kada ya tashe ta, kuma ya sha ganin iyaye suna yin haka a asibiti. Ya ce ya ba shi sha uku saboda wannan wurin.

Ɗayyabu ya yi dariya da ya ji. Fim ne da shi ya ba bakwai. Amma kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun amsa wa Yoshuwa, alhali shi in ya yi magana, biyu ko uku ne ke cewa an gode.

Haka abin ya ci gaba. Ɗayyabu yana duba inda labari ya yi sako-sako, da ɗan wasan da ya cika zaƙewa, da waƙar da aka cusa ba dalili. Yoshuwa kuwa sai ya ɗauko wani ƙaramin abu da kowa ya gani bai lura ba, ya faɗe shi a hankali, mutum ya ji kamar shi ma ya daɗe da saninsa. Mata suka fara tura wa junansu muryarsa. Wata rana Ɗayyabu ya koma gida cin abincin rana, ya tarar da matarsa Hindatu tana tsinken yakuwa, waya a kan turmi, muryar Yoshuwa tana fita.

"Ke ma kin shiga?" in ji shi.

"Baban Samira, abokinka na hwa," ta ce. "Shi in ya yi magana sai in ji ina son in kalla. Kai in ka yi, sai in ji tsoron in ce wani abu ya burge ni."

Ya ci tuwon bai ji ɗanɗanonsa ba.

Abin da ya fi ƙona shi ya zo bayan Yoshuwa ya fara takawa da sanda. Abdoulkadir, mai gabatar da shiri a wani ƙaramin gidan rediyo na garin, ya ba Yoshuwa minti sha biyar kowace safiyar Asabar. Ɗayyabu ne ya ɗinka wa Abdoulkadir kayan angwanci. Sau nawa yaron nan ya zauna a bencinsa yana kwasar magana? Amma ko sau ɗaya bai ce masa ya zo rediyo ba. Ranar shiri na farko Ɗayyabu ya yi ta taka keke da ƙarfi don kada ya ji, amma maƙwabcinsa mai sayar da albasa ya ƙure murya, kowace kalma ta shigo.

Daga nan ya sauya. Duk abin da Yoshuwa ya yaba, sai ya nemo masa aibi. Wanda Yoshuwa ya ce bai ji daɗinsa ba, sai ya ɗaga shi. Har ya taɓa ba wani fim na harbe-harbe sha huɗu, wanda a ransa ya san ko biyar bai kai ba. In Yoshuwa ya biyo shagon bayan shiri, Ɗayyabu yakan ce aiki ya yi masa yawa, ya bar wani ya zuba shayin. Yoshuwa ya daina zuwa, bai kuma tambayi dalili ba.

Cikin rani wasu samarin garin Keita suka fito da fim ɗin da suka ɗauka da ƙaramar kamara, a kan matan da ke jera duwatsu a gangaren tudu don tare ruwan sama. Babu sanannen ɗan wasa ko ɗaya, mutanen ƙauye ne suka fito a matsayin kansu. Yoshuwa ya ba shi sha shida a rediyo, ya ce tsohuwar da ke ciki ta sa shi ya ajiye waya ya yi shiru.

Ɗayyabu bai kalli fim ɗin ba. Ya ji dai an ce akwai tsohuwa, kuma a saninsa duk tsohuwar fim sai ta yi kuka. Ya danna waya ya ce aikin yara ne, hoto yana rawa, tsohuwar ma ko kukan kirki ba ta iya ba. Huɗu bisa ashirin. Da ya saki yatsa ya ji wani sanyi a ransa, na ɗan lokaci.

Kwana tara bayan haka, ranar kasuwa, benci cike da mutane, wata tsohuwa ta tsaya a bakin shagon. Gajeriya ce, hannayenta duk kanta. Ta yi sallama, aka matsa mata, ba ta zauna ba.

"Kai na Ɗayyabu mai bada maki?"

"Ni na, Inna. Sannu da zuwa."

"Sunana Indo, daga Garhanga. Na taho wurin ɗiyata da ke aure nan garin. Ita ta sa mini maganakka na ji." Ta gyara lulluɓinta. "Ka ce tsohuwar cikin fim ba ta iya kuka ba. Ni ta tsohuwar. Shi ya sa na ce bari in zo ka gwada mini wurin da niy yi kukan, don ni ban tuna ba."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu.

Babu faɗa a muryarta. Ta ce shekara talatin tana jera dutse, yaran sun ce ta yi abin da ta saba kawai, ta yi. Ta ce ita makin bai dame ta ba, ba ta san ma ko huɗu da yawa ne ko kaɗan ba sai da aka bayyana mata. Yaran ne suka ba ta tausayi, don wata biyu suna hawa tudu da rana.

"Ɗana, ka gani kuwa?" ta tambaye shi.

"Ban gani ba, Inna."

"To da ka ce ba ka gani ba. Wannan ba abin kunya ba na."

Ta yi musu sai an jima, ta shiga kasuwa. Ba wanda ya dubi Ɗayyabu. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka tuna suna da abin yi.

Da azahar ya je wurin Halidu ya miƙa katinsa. Halidu ya tura masa fim ɗin. Ɗayyabu ya janyo ƙofar shago rabi, ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya kalla. Hoton yana rawa da gaske. Iska tana cinye rabin maganar. Amma kusa da ƙarshe, bayan ruwan farko, ga Indo tsugune a bayan layin duwatsun, ruwa ya kwanta a wurin da da can yake wucewa da gudu. Ta sa tafin hannu a ciki ta bar shi. Ba ta ce komai ba, mai kamara ma bai motsa ba.

Ɗayyabu ya mayar da wurin sau uku. Ya san abu mai kyau in ya gan shi, wannan bai taɓa ɓace masa ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, wannan wurin ne Yoshuwa ya ambata a rediyo, kuma da shi Ɗayyabu ne ya fara kalla, zai gani, amma ba zai san yadda zai faɗe shi ba. Da ya ce hoto yana rawa ya wuce.

Washegari ya tura bokal. Ya ce ya yi magana a kan fim ɗin da bai kalla ba, ya nemi gafarar Inna Indo da samarin Keita. Ya ba shi sha huɗu.

Ranar Lahadi ya hau mota zuwa wurin Yoshuwa. Ya same shi ya dawo daga majami'a, yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafar da ta karye. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi maganar zafi.

"Ka san ban kalla ba tun ranar?" in ji Ɗayyabu.

"Na sani. Babu kuka ciki."

"Mi ya hana ka faɗi cikin gurup?"

"Gurup ɗinka na," in ji Yoshuwa. "Kuma na ɗauka za ka kalla ka gyara da kanka." "Ɗayyabu, dut abin da na sani na kallo bisa bencinka na koye shi. Ban san mi niy yi maka ba."

"Ba ka yi komi ba. Shi na abin."

Yoshuwa ya ce su riƙa yin shirin tare, zai yi wa Abdoulkadir magana. Ɗayyabu ya je sau biyu. A gaban makirfo harshensa ya yi nauyi, babu fuskar da zai duba, babu mai gyaɗa kai. Masu bugo waya kuma duk Yoshuwa suke nema. A karo na uku Ɗayyabu ya ce yana da kayan biki da zai gama, bai sake komawa ba.

Yana nan a shagonsa har yau, furfura ta fara cin gemunsa. Gurup ɗin ya ragu, amma akwai waɗanda ba sa tura fim sai sun ji makinsa, don sun ce shi ba ya jin tausayin fim. Ba ya ƙara magana a kan abin da bai kalla ba har ƙarshe. Yoshuwa ya dawo da zuwan Asabar, sai dai yanzu in ya iso da sandarsa, matsa masa ake yi zuwa tsakiyar benci, tambayoyi kuma wurinsa suke nufa. Ɗayyabu ne ke zuba masa kofin farko da hannunsa, sannan ya koma kan keke.

Kwanan baya, suna zaune a tsakar gida da la'asar, ya ce wa Hindatu: "Kin san har yanzu in anka yabe shi gabana, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji?"

"Na sani," ta ce. "Ina ganin fuskakka."

"Ina tsammanin zai wuce."

"Wata ƙila," in ji ta. Ta miƙa masa kwanon fura, ta tashi ta kwashe shanya.