Haƙorana da Zuwan Inna Umra

Shekarun baya, lokacin ina lodin kaya a wani sito a unguwar Khumra da ke Jidda, ƙanena ya kira ni ya ce mahaifiyata za ta zo Umra. Na daɗe rabona da ita. Murna ta hana ni cin abinci, amma da na tsaya gaban madubi sai gabana ya faɗi. Baƙin shayi da gahawan da muke kwankwaɗa a wurin aiki sun rina min haƙora. Na san Inna, tana gani za ta ɗauka taba na fara sha.

Abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce, "Wannan ai ba abin damuwa ba ne. Lemon tsami da gishiri da garin gawayi, ka dirje safe da yamma, halas, shi ke nan."

Na dirje kuwa kamar mai wanke gindin tukunya. Da farko sun ɗan yi haske, har ina yi wa bango murmushi. Daga baya ko iska na shaƙa ta baki sai in ji zogi har cikin ƙwaƙwalwa.

Bayan Inna ta gama ibadarta, na kawo ta Jidda na kai ta kasuwar Bab Makka sayen tsaraba. Rana ta yi zafi, na sayo mana ruwan sanyi. Kurɓa ɗaya na yi, hawaye suka fito.

"Kai, me ya same ka?"

"Ba komai, Inna."

"Buɗe bakin nan."

A tsakiyar kasuwa na buɗe. Ta duba dasashina da ya yi jajur, na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce ba atamfar da za ta saya sai mun ga likita.

Muka je wani ƙaramin asibitin haƙori a unguwar Ammariyya. Likitan Bahaushen Sudan ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce tsamin lemon da dirzar gawayin sun cinye saman haƙoran, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Dattin shayin kuwa, wanki kawai yake buƙata. Ya hana ni duk wani maganin ƙara fari sai zogin ya lafa, ya rubuta min man goge baki na masu irin matsalata.

Da zai fara wankin, Inna ta ƙi fita. Ta ja kujera ta riƙe min hannu.

"Hajiya, ai babba ne," in ji likitan yana dariya.

"A wurinka. Ranar da ya yi famfara ni na rarrashe shi, yana kuka wai ba za su sake fitowa ba."

Na'urar tana ƙara a bakina, hawaye na gangarowa cikin kunnena, likitan yana ta ba ni haƙuri don ya zaci zafi ne.

Tun daga nan, duk wanda ya zo min da zancen lemon tsami sai in ce ya fara ganin likita. Haƙorana ba su zama farare tas ba, kuma na daina damuwa. Inna ta tsufa yanzu, idonta ma ya yi rauni. Amma duk ranar da muka yi kiran bidiyo, kafin ta tambayi aiki sai ta matso da fuskarta ta ce in buɗe baki ta gani. Ni kuma, da furfurata a gemu, sai in buɗe.